Madarunfa: Shin rage gudun fanka na rage kuɗin wuta? Yadda makunnan rage gudu da haske ke aiki

A watan Afrilu, idan rana ta faɗi a Madarunfa, zafi ba ya tafiya tare da ita. Bangon siminti da kwanon rufin da suka wuni suna shan ranar da zafinta ke haura digiri 40 sukan kwana suna amayar da shi cikin ɗaki. Ga kuma sauro da ke tilasta wa mutane shiga gidan sauro, inda iska ba ta ratsawa sosai. A gidan da ke da lantarki, fanka ce ke raba mutum da kwanan zaune.

Sai dai akwai wata gardama da ke yawan tashi a kan ɗan akwatin nan da ke manne a bango, wanda ake murɗawa daga lamba ɗaya zuwa biyar. Maigida yana so a mayar da fanka lamba biyu saboda kuɗin mita. Samarin gida kuwa suna ganin duk ɗaya ne, ko a rage ko a ƙure, wutar da za ta sha ke nan.

Kowane ɓangare yana da kamshin gaskiya. Amsar ta dogara ne da abin da ke cikin akwatin, domin akwai iri uku a kasuwa, kuma kowanne da yadda yake rage gudu. Dabarar da ke cikinsu ita ce dai ke cikin makunnin rage hasken fitila, da matakin keken ɗinki mai lantarki, da bilenda, har da famfon sola na masu noman rani. Rashin sanin bambancinsu na daga cikin abin da ke cika rumfunan masu gyara da fankoki da firji da suka ƙone.

Wutar da ke tsallako iyaka

Madarunfa na kudu da birnin Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, kuma ita ce hedikwatar gundumar da ta haɗa da Ɗan Isa da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma. An fi sanin garin da tafkinsa da kuma kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara.

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke rarraba lantarki a Nijar. Wani kaso mai yawa na wutar da jihohin Maraɗi da Damagaram ke sha yana shigowa ne daga Najeriya, ta babban layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Mutanen yankin sun ga ma'anar wannan dogaro bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta bisa takunkumin ƙungiyar ECOWAS. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa. Sai a ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, aka kuma maido da wutar a watan Maris.

Watannin nan sun tura gidaje da shaguna da dama ga janareta da sola da batir. Wanda ke rayuwa a kan batir kuwa dole ya koyi ƙirga abin da kowace na'ura ke sha, domin abin da fanka ta ɓarnatar da ƙarfe goma na dare, shi ne zai rasa da ƙarfe uku na asuba.

Wuta mai kai da komo

Kafin a fahimci makunnin, sai an fahimci wutar kanta. Wutar da ke shigowa gida, wadda a Nijar ake kira kuran, ba ta gudana ta fuska ɗaya kamar ruwa a magudana. Tana tafiya gaba ta dawo baya, sau 50 a kowace daƙiƙa. Abin da ake nufi ke nan da rubutun 50Hz da ke jikin kayan lantarki. Ƙarfin turinta kuma bolt 220 ne a Nijar, 230 a Najeriya, bambancin da bai kai ya dami na'ura ba.

Ana iya kwatanta ta da luguden mata biyu a turmi ɗaya. Wannan ta sauke taɓarya, waccan ta sauke, bugu 100 ke nan a daƙiƙa guda. Kowane bugu yana farawa daga sifili, ya hau har ya kai ƙololuwa, ya sake sauka zuwa sifili kafin na gaba ya fara. Wato sau 100 a daƙiƙa, wutar gida tana ɗaukewa na ɗan ƙiftawar da ido ba ya iya gani.

Duk wanda ke son rage haske ko gudu yana da hanyoyi uku. Ko ya rage ƙarfin kowane bugu, ko ya yanke wani sashe na kowane bugu, ko ya rage yawan bugun a daƙiƙa. A kan waɗannan hanyoyi aka gina dukkan makunnan da ke kasuwa.

Tsohon akwati mai zafi

Regileta mafi tsufa ita ce babbar nan mai ramukan shan iska, wadda har yanzu ake gani a tsofaffin ofisoshi da azuzuwa da masallatai. A cikinta akwai naɗaɗɗiyar waya da aka yi da ƙarfen da wuta ke shan wahalar ratsawa. Idan aka sa lamba biyar, wuta na wucewa kai tsaye zuwa fanka. Idan aka dawo lamba ɗaya, sai ta bi ta dukkan tsawon wayar, ta isa fanka a gajiye.

Ƙarfin da aka hana fanka bai koma mita ba. Wani ɓangarensa ya zama zafi a cikin akwatin, kuma ramukan da ke jikinsa na fitar da zafin ne. Shi ya sa bangon da ke saman irin wannan regileta ke yin baƙi bayan shekaru. Rage gudu da ita na rage shan wuta, amma ragin bai kai yadda ake zato ba. A nan samarin gida sun kusa gaskiya.

Dabarar ta girmi fanka a gidajen Afirka. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, gidajen wasan kwaikwayo a Turai da Amurka sun riƙa rage hasken dandali da tukwanen ruwan gishiri. Ana tsoma ƙarfe biyu a ciki, idan aka nisanta su wuta ta ragu, idan aka kusanta su ta ƙaru. Ruwan yakan yi zafi sosai, kuma aikin na da haɗari.

Ƙofar da ke buɗewa a makare

Sauyi ya zo ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da kamfanin General Electric na Amurka ya fito da wata 'yar ƙaramar na'ura da ke kunnawa da kashe wuta ba tare da wani ƙarfe ya motsa ba. A 1959 wani masanin kimiyya mai suna Joel Spira ya yi amfani da irinta ya ƙera makunnin rage haske da zai shiga ramin makunni na bango, sannan shi da matarsa Ruth suka kafa kamfanin Lutron a 1961. Daga baya aka samu wadda ke aiki da bugun gaba da na baya duka, wadda masu gyara ke kira tirayak. Ita ce ke cikin ƙaramar regiletar nan mara nauyi da ake murɗawa sumul ba tare da ta yi ƙas-ƙas ba.

Tirayak kamar ƙofa ce a kan hanyar wuta. A farkon kowane bugu tana rufe. Tana jiran a ba ta umarni, kuma da zarar ta buɗe ba ta rufewa sai bugun ya sauka zuwa sifili. Daga nan ta sake rufewa, ta jira umarni na gaba.

Abin da ke ba ta umarnin abubuwa uku ne. Akwai maɓallin da ake murɗawa, wanda ke ƙara ko rage wahalar da 'yar wuta kaɗan ke sha kafin ta wuce. Akwai ɗan kafasita, wanda a Nijar masu gyara ke kira kwandansatar, da ke tara wannan wutar kamar yadda ake tara ruwa a kofi. Sai kuma dayak, wadda ba ta barin komai ya wuce har sai abin da aka tara ya kai kusan bolt 30. Da ya kai, sai ta saki, tirayak ta buɗe.

Idan aka ƙure maɓallin, kofin na cika nan take, ƙofa ta buɗe tun farkon bugu, fanka ta samu kusan dukkan wutar. Idan aka rage, kofin na daɗewa bai cika ba, ƙofar ta buɗe bayan rabin bugun ya wuce ko fiye. Wannan na faruwa sau 100 a daƙiƙa, don haka abin da fanka ko fitila ke ji shi ne matsakaicin abin da ya wuce.

Ribar ita ce, a lokacin da ƙofar ke rufe babu wutar da ke gudana, mita ba ta ƙirga komai. A lokacin da take buɗe kuma ba ta tare hanya, don haka ba ta yin zafi sosai. A gidan da ke da irin wannan regileta, maigida ne ke da gaskiya.

Me ke sa fanka gurnani?

Tirayak na da nata aibin. Maimakon wuta ta hau a hankali kamar yadda ta saba, sai ta faɗo wa injin fanka farat ɗaya a tsakiyar bugu. Wannan dukan na girgiza naɗin waya da farantan ƙarfen da ke cikin injin, kuma shi ne gurnanin da ake ji idan an rage gudu sosai, musamman cikin dare. Yana kuma ƙara wa injin ɗumi. Masu sauraron labarai a gajeren zango sun san wata alamar: da an murɗa regileta sai rediyo ta kama ƙara, saboda yankan wutar na watsa hayaniya a waya da iska.

Iri na uku ya magance wannan. Regileta ce mai matakai huɗu ko biyar da ke yin ƙas-ƙas idan ana murɗawa, amma ƙarama ce kuma ba ta zafi. A cikinta kafasitoci ne masu girma daban-daban, kowace lamba da nata. Kafasita na karɓar wuta ya riƙe, ya kuma mayar da ita a bugu na gaba, ba ya ƙone ta. Wutar na isa fanka da raguwar ƙarfi amma da siffarta ta asali, don haka babu gurnani, babu ɓarna mai yawa. Ga fankar sama ta ɗakin kwana, wannan ita ce ta fi dacewa.

Fankar tsaye mai maɓallan 1, 2, 3 ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. An fitar da wayoyi ne daga wurare daban-daban na naɗin da ke cikin injinta, kowane maɓalli na zaɓar tsawon naɗin da wuta za ta bi.

Akwai kuma wani kafasita dabam da ke can sama, a jikin fankar kanta, wanda galibi girmansa tsakanin 2 ne zuwa 3 a ma'aunin da ake rubutawa µF. Injin fanka na da naɗi biyu, kuma kafasitan ne ke sa wutar ɗayan ta riga ta ɗayan, abin da ke samar da turin da ke juya ta. Zafi da shekaru na raunana shi. Fankar da ta rage gudu ko a lamba biyar, ko wadda sai an tura ta da sanda kafin ta tashi, mafi yawan lokuta wannan ɗan abin ne ya gaji. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da sabuwar fanka ko sabon naɗi. Barin ta tana gurnani ba ta juyawa kuwa shi ke kai ta ga ƙonewa.

Fitila: tsohon ƙwai da sabo

An ƙirƙiri makunnin rage haske ne domin tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, wanda ake kira ampul a Nijar. Zaren ƙarfe ne da wuta ke gasawa har ya yi fari. Idan aka rage masa wuta sai ya huce kaɗan, hasken ya koma ja-ja, ƙwan kuma ya ƙara daɗewa. Amma hasken na raguwa da sauri fiye da wutar da yake sha, kuma ko a cikakken ƙarfinsa sama da kashi 90 cikin 100 na abin da yake sha zafi yake zama.

Ƙwan LED ya sauya lissafin. Ya samu ne bayan da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, 'yan asalin Japan, suka gano yadda ake samar da shuɗin haske daga irin wannan na'ura, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Ƙwai mai wat 9 na ba da hasken da ya kai na tsohon ƙwai mai wat 60.

Sai dai a gindin kowane ƙwan LED akwai ɗan allon lantarki da aikinsa shi ne ya ba fitilar wuta daidai gwargwado, ko ta bango ta hau ko ta sauka. Idan aka haɗa shi da tirayak, sai su shiga ja-in-ja: makunni na yanke wuta, allon na ƙoƙarin cike giɓin. Sakamakon shi ne ƙyaftawa, ko ƙara, ko mutuwar ƙwan da wuri. Ban da haka, tirayak na buƙatar wani adadin wuta ya riƙa ratsa ta kafin ta zauna a buɗe, kuma ƙwai ɗaya mai wat 9 sau da yawa bai kai ya riƙe ta ba. Wanda ke son rage hasken LED sai ya nemi ƙwan da aka rubuta a kwalinsa cewa yana karɓar ragi, da makunnin da aka yi dominsa. Hanya mafi sauƙi a gidaje da yawa ita ce ƙwai biyu, babba da ƙarami, kowanne da makunninsa.

Tela, mai markaɗe da mai firji

Injinan lantarki na gida iri biyu ne, kuma a nan ake yawan yin asara.

Na farko shi ne mai gawayi a ciki, wato wasu 'yan guntaye biyu da ke gogar ɓangaren da ke juyawa. Shi ne a cikin bilenda da na'urar huda bango da ɗan injin da ake ɗaura wa keken ɗinki. Ana gane shi da ƙara mai kaifi da kuma ɗan tartsatsi a ciki. Gudunsa na bin ƙarfin wutar da aka ba shi, don haka tirayak na sarrafa shi lafiya lau.

Tsohon matakin keken ɗinki na aiki da wata dabarar. An jera fayafayan gawayi a cikinsa, idan tela ya taka a hankali suna taɓa juna sama-sama, wuta kaɗan ta wuce. Idan ya danne, su matse, wuta ta wuce sosai. Shi ya sa matakin ke zafi a ƙafa lokacin ɗinkin surfani ko wani aiki mai buƙatar tafiya a hankali, musamman a makon sallah da keke ba ya hutawa. Sababbin matakai na amfani da tirayak, kuma ba sa yin wannan zafin.

Iri na biyu shi ne injin da ba shi da gawayi, wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista a Amurka a 1888. Shi ne a cikin fanka da firji da famfon ruwa da injin niƙa mai lantarki. Gudunsa na bin yawan kai da komon wuta ne. A wuta mai zagaye 50, injin famfo na yau da kullum na juyawa ƙasa kaɗan da sau 3,000 a minti, wasu kuma ƙasa kaɗan da 1,500, ya danganta da yadda aka yi naɗinsu.

Rage wa irin wannan inji ƙarfin wuta na raunana shi ne kawai. Fanka na jure hakan saboda nauyin da ke kanta iska ce, kuma da ta rage gudu nauyin na raguwa sosai. Firji ba shi da wannan sauƙin. Injinsa na danna iskar sanyi ne, kuma nauyin na nan ko wuta ta yi ƙasa. Idan ƙarfi bai ishe shi ba sai ya kasa tashi, ya tsaya yana zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin, naɗinsa ya yi zafi. Ƙarar ƙas da ake ji firji na yi jifa-jifa lokacin da wuta ta yi rauni, makarinsa ne ke cire shi don kada ya ƙone.

Saboda haka haɗa firji ko famfo da regiletar fanka ko makunnin rage haske daidai yake da yanke masa hukunci. Haka kuma idan wuta ta yi ƙasa da kanta, kamar yadda kan faru a ƙarshen dogon layi a lokacin zafi da kowa ya kunna kayansa, mai sayar da ƙanƙara ko ruwan sanyi gara ya kashe firjinsa ko ya sa masa sitabilaiza.

Darasi daga gonakin rani

Hanya ta uku, wato sauya yawan bugun kansa, ita ce ta dace da manyan injina, kuma manoman yankin sun fara saninta. A Jiratawa akwai filin noman rani da aka kafa a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, inda famfunan lantarki ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse zuwa gonakin zogale da kayan lambu. A irin wannan wuri kuɗin wuta wani babban kaso ne na kuɗin noma.

Akwatin da ke tsakanin farantan sola da famfo na karɓar wutar da ke gudana ta fuska ɗaya, ya ƙera mata kai da komo da kansa, a yawan da ya ga dama. Da safe, rana ba ta yi ƙarfi ba, sai ya ba famfo zagaye kaɗan, ya juya a hankali. Da tsakar rana ya kai shi 50. Injin da ke yin kusan 3,000 a zagaye 50 zai yi kusan 2,400 a zagaye 40, kuma ba ya wahala, domin akwatin na rage ƙarfin turin daidai da yadda ya rage zagayen. Akwai iyaka dai: idan gudun ya yi ƙasa sosai famfo zai riƙa juyawa amma ruwa ba zai kai baki ba. Dabarar nan ce kuma ke cikin firji da na'urar sanyaya ɗaki da ake rubuta wa inbata a jiki.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci hukumar binciken hasken rana ta ONERSOL shekaru da dama kafin rasuwarsa a 1991. A yau akwai tashar sola mai megawat 7 a Malbaza da aka buɗe a 2018, da mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai da ta fara aiki a 2023.

Lissafin mai batir

Wutar batir ba ta kai da komo, ba ta sauka sifili, don haka tirayak ba ta da amfani a kanta, domin in ta buɗe ba za ta rufe ba. Fitilun caji da fankokin sola na amfani da wata ƙofar da ke kunnawa da kashewa sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa. Idan lokacin kunnawa da na kashewa suka zo daidai, an samu rabin ƙarfi. Idan na kunnawa ya zama kashi ɗaya cikin huɗu, an samu rubu'i. Layukan da ke bayyana idan aka ɗauki bidiyon fitilar caji da waya, sawun wannan kunnawa da kashewar ne.

Ga lissafi mai sauƙi. Fankar sama ta gargajiya na shan kusan wat 75. Idan tana aiki awa 10 a kullum, a kwana 30 ta sha kilowat-awa 22.5. Sabuwar fanka mai maganaɗisu a ciki, wadda ake rubuta wa BLDC, na shan kusan wat 30 a cikakken gudu, wato kilowat-awa 9 a wata. A gida mai fanka uku, bambancin ya haura kilowat-awa 40 a kowane wata. Ga mai sola kuma, batirin da zai riƙe tsohuwar fanka awa huɗu zai riƙe sabuwar kusan awa goma. Tana da tsada a wajen saye, kuma tana zuwa da nata rimot. Ba a haɗa ta da regiletar bango, sai a cire regiletar a bar makunni kawai.

Mai inbata mai araha shi ma zai iya jin fankarsa na gurnani ko ba regileta. Irin wannan inbata na fitar da wuta mai hawa-hawa kamar matakala maimakon mai lanƙwasa sumul, kuma injina ba sa jin daɗinta. Araha dai ba ta ado.

Kafin a aiko da kaya gida

'Yan ci-rani da ke aiko wa iyaye kayan lantarki na da abin dubawa. Aljeriya da Libiya da ƙasashen Turai na amfani da wuta irin ta Nijar, mai zagaye 50 da bolt 220 zuwa 230, don haka kayansu na aiki ba matsala. Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ne da zagaye 60. Bilenda ko makunnin rage haske da aka sayo a can, idan aka jona shi kai tsaye a Madarunfa, zai ƙone nan take. Taransifoma na gyara ƙarfin turin, amma ba ta sauya yawan zagayen.

Saudiyya ma zagaye 60 take amfani da shi. Injin da aka yi domin 60 kaɗai zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a kan wutar Nijar, kuma yana iya yin zafi fiye da kima. Abin da ya kamata mai tsaraba ya nema a jikin na'ura shi ne rubutun 220–240V da 50Hz, ko 50/60Hz. Cajojin waya da na kwamfuta galibi an rubuta musu 100–240V, suna aiki a ko'ina.

Abin lura a gida

Kowace regileta da kowane makunnin rage haske na da iyakar wat da aka rubuta a bayansa. Jona fankoki uku ko huɗu a kan wadda aka yi domin ɗaya, kamar yadda ake yi a wasu shaguna da majami'u, na sa ta zafi har robarta ta narke. Warin roba, ko baƙi a gefen makunni, ko zafin da hannu ba ya jurewa, alamu ne na a kashe wuta daga babban makunni a kira mai gyara. A gidan da ke da rufin katako ko zana a kusa, jinkiri na iya zama gobara.

Murɗa regileta zuwa ƙasa ba ya nufin wuta ta bar wayar. Duk wanda zai hau ya taɓa fanka sai ya kashe daga mita, kuma ya tuna cewa kafasita na iya riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an kashe.

Gardamar maigida da samarinsa kuwa ana iya raba ta da tafin hannu. A bar fanka a lamba ɗaya na rabin awa, sannan a dafa akwatin. Idan babba ne kuma ya yi zafi, tsohon iri ne, wani ɓangare na kuɗin mita na ƙonewa a bango, kuma lokacin sauya shi ya yi. Idan da ɗan ɗumi kawai ko babu, kowace lamba da aka rage na rage abin da mita ke ƙirgawa.